Babban Yatsan Kunkuru

Litinin, da hantsi

Nas ta ce in riƙa yi masa magana. Ni da magana ce sana'ata, na zauna gaban mijina na rasa ta cewa. Na ce masa sannu. Na ce Inna tana gaishe shi, alhali Inna, uwar da ta haife shi, tana zaune a ɗaya gefen gadon tana jan carbi. Daga nan sai na koma karanta rubutun da ke jikin ledar ruwan da ake ƙara masa.

Idonsa a buɗe yake, yana kallon silin.

Babbar Likita ta kira ni ofis tare da Yaya Babba, wan mijina. Mace ce mai auna magana, ba ƙari ba ragi. Ta ce gadajen wannan sashe kaɗan ne, kuma an ware su ne don waɗanda za su amfana da masu motsa gaɓɓai da masu koyar da magana. Ƙarshen wata za su zauna a kansa. Idan ya nuna yana fahimtar abin da ake faɗa masa, zai ci gaba da zama a yi aiki a kansa. Idan bai nuna ba, za a sallame shi mu tafi gida, a riƙa juya shi ana ba shi abinci ta roba, shi ke nan. Yaya Babba ya fara gyaɗa kai tun ba ta rufe baki ba. Kafin mu fito har ya zaɓi ɗakin da ya fi kusa da banɗaki a gidansa.

Ban ce komai ba. Wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Talata, da yamma

Na je gida ɗebo masa kaya. Kujerarsa tana nan kwance a gefen tebur yadda take tun ranar nan da ya yanke jiki ya faɗi. Kofin shayin ma yana nan. Na kewaye su na wuce.

Kwamfutarsa ce ta tsayar da ni. Tana jone da wuta tun ranar, sai ɗan ƙara take yi jifa-jifa. Na taɓa ta, allon ya kawo haske, sai ga dandalin nan nasu na intanet, inda masu sana'arsu ke hira.

Na daɗe da tsanar dandalin nan. Aikinsa rubuta manhaja ne, yana yi wa masu shaguna da ƙananan kamfanoni, kuma da yaren kwamfuta ɗaya yake rubutawa, wanda rabin masu sana'ar ke ci da shi, ɗaya rabin kuma suna zaginsa wai jan ƙafa gare shi. A can sunansa Kunkuru. Su suka laƙaba masa don ba'a, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Akwai wani mai kiran kansa Walƙiya. Ba su taɓa haɗuwa ba, ko ƙasarsa bai sani ba, amma shekara da shekaru kullum sai sun tsokani juna. Walƙiya ya kawo awo, ya ce aikin da yarensa ke gamawa kafin ka ƙifta ido, na Kunkuru sai ka dafa shayi ka dawo. Kunkuru ya ce ya ji, amma kai mako guda ka yi kana rubutawa, ni da hantsi na fara, kafin azahar na tashi. Haka suke, ba gajiya. Abinci ya sha hucewa a kan teburin nan saboda su.

Saƙo na ƙarshe na Walƙiya ne: "Ina Kunkuru ya shiga? Ko amsar ma da yaren nasa yake rubuta ta, shi ya sa har yau ba ta iso ba?"

A akwatin amsa akwai rabin layi da bai tura ba: "Kai lokacin na'ura kake aunawa, ni kuma ina". A nan ya tsaya.

Duk zamanmu ni nake ƙarasa masa magana. Yakan fara jimla a hankali yana jujjuya ta, ni kuwa mai karanta labarai ce a rediyo, na saba da agogo a gaban idona, sai in cafe in ƙarasa. Shi ya sa ya sa mini Maza-maza, har Inna ta ɗauka. Na daɗe tsaye a kan wannan rabin layin. Ban san ƙarshensa ba.

Laraba, da rana

Silin yake kallo.

Alhamis, bayan la'asar

Rubutun nan zai yi muni, amma sai na rubuta.

Na zo da kwamfutar asibiti don in ga ko zai kalle ta. Bai kalla ba. Zance ya ƙare mini kamar kullum, sai na ce bari in karanta masa abin da mutanensa ke cewa, tunda dama ya fi son hirarsu. Da haushi na fara, da muryar labaran safe. Na karanta masa na wani da ya ce yaren Kunkuru yana shan wutar lantarki a banza. Na karanta na wata da ta ce da shi ta koyi sana'a tana fama da goyo, da wancan mai saurin aka fara mata da ta gudu tun makon farko. Shiru. Sai na zo kan na Walƙiya, na karanta shi da irin gatsalin da na san da shi aka rubuta.

Babban yatsansa na hagu ya motsa. Ya danna zanen gado, ya saki.

Na ɗauka idona ne. Na sake karantawa, na jira. Ya sake dannawa, wannan karon har farcen ya yi fari.

Inna ta ajiye carbi. Ta ce, "Maza-maza, me kika ce masa?"

Na ce, "Ba'a wani ya yi masa, Inna."

Ta ce, "To ƙara masa."

Ikon Allah sai kallo. Kwana da kwanaki ina kiransa da duk sunan da nake kiransa in mun rufe ƙofa, uwarsa tana tofa masa addu'a, bai motsa ba. Wani ƙato da bai san fuskarsa ba ya tsokane shi daga wata uwa duniya, ya amsa. Yana ciki. Duk tsawon lokacin nan yana ciki yana jinmu. Na fita baranda na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na haɗa duka biyun, mai goge ƙasa ta tsaya da sandarta tana kallona.

Juma'a, da safe

Na yi tuntuɓen harshe a labaran safe, har furodusa ya leƙo ta gilashi yana tambayata da hannu. Hankalina yana kan yatsa ɗaya. Ban taɓa lura da babban yatsan mutum ba, yanzu a mota ma yatsun mutane nake kallo, yadda suke riƙe waya, yadda suke ɓalle maɓallin riga, ba su ma san abin da ke hannunsu ba.

In faɗi gaskiya akwai haushi a ciki. Muryata ce, amma maganar wani ya amsa.

Lahadi, da rana

Kullum yanzu sai na karanta masa. Inna ta shiga jam'iyyar Kunkuru da ƙarfinta. Ba ta san mece ce manhaja ba, amma da na ambaci Walƙiya sai ta ja tsaki ta ce wannan yaro ba shi da kunya. Ni ma na fara gane kan rigimar. Wani ya rubuta cewa abin dariyar shi ne, manyan ayyukan da yaren Kunkuru ke taƙama da su, cikinsu da irin yaren Walƙiya aka gina, shi dai yana zaune a gaba ne yana ba da umarni. Yatsa ya danna har sau biyu. Yarda ce ko musu, oho.

Na roƙi Babbar Likita ta zo ta gani. Ta zo. Ta sunkuya ta ce masa in yana jinta ya danna yatsa. Ta jira. Ta sake faɗa. Yatsa yana kwance kamar ba shi ba.

Ta ce, "Malama, ba ƙaryata ki nake yi ba. Jiki yakan motsa da kansa in ya ji murya. Abin da zan rubuta shi ne abin da na tambaya aka amsa mini."

Ta fita. Ina jin takunta har ya ɓace a ƙarshen baranda. Na sunkuya zan gyara masa bargo, sai yatsan ya danna.

Amsar tana zuwa, makara take yi a hanya. Na zauna na daɗe ina kallonsa. Allah kaɗai ya san nisan da take tafiya kafin ta iso wannan yatsan.

Litinin, da yamma

Yaya Babba ya sa an yi wa ɗakin fenti. Ya nuna mini hoto a waya, na ce ya yi kyau.

Talata, da rana

Na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na rubuta a dandalin, da sunansa. Rabin layinsa ban taɓa shi ba, sabon saƙo na buɗe. Na ce ni matar Kunkuru ce, ba gudu ya yi ba, yana asibiti ba ya magana, yatsa ɗaya ke motsi, kuma da maganar Walƙiya ya fara motsi. Na ce ina da zuwa ƙarshen wata in nuna wa likita yana ji yana fahimta, ban san yadda zan yi ba.

Kafin in gama labaran rana saƙonni sun cika. Mutanen da jiya suke kiransa tsoho mai jan ƙafa, yau kowa da labarinsa. Wani ya ce Kunkuru ne ya zauna da shi mako guda yana warware masa matsala lokacin da ake shirin korarsa daga aiki. Wata ta ce amsarsa ta farko gare ta har yau tana ajiye. Mutane daga garuruwan da ban iya faɗar sunansu ba, ni da nake karanta labaran duniya. Ashe duk lokacin da nake buga cokali a faranti ina cewa abinci ya huce, wannan jama'ar ce a ɗakin tare da mu.

Walƙiya bai ce uffan a fili ba. Can da la'asar ya aiko mini ni kaɗai. Ko sannu bai ce ba. Tambayoyi ya jero: wane yatsa ne, ƙarfinsa ya kai ya danna maus na kwamfuta, idonsa yana bin abu a allo?

Alhamis, bayan la'asar

Manhajar ta iso. Walƙiya ya rubuta ta da yarensa, ya ce in mutum zai yi abu ya yi shi daidai. Haruffa ne a jere a allo, wani haske yana tafiya a kansu ɗaya bayan ɗaya, in ya zo kan wanda kake so ka danna, harafin ya faɗo ƙasa. Ya ce tana kama dannawa cikin ɗan lokacin da ɗan Adam ba zai iya ji ba, ya ma turo awon.

Nas ta taimaka muka ɗaure tsohon maus a ƙarƙashin yatsan da filasta. Muka ɗaga kan gadon. Na buɗe, kafin in janye hannuna ta riga ta tashi.

A karon farko tun ranar nan idonsa ya bar silin. Na ga ƙwayar idon tana ƙoƙarin bin hasken, hasken kuwa sai gudu yake. Ya danna, amma kafin dannawar ta iso haske ya wuce haruffa da yawa. Ya sake. Ya sake. Gumi ya tsatso masa a goshi. Abin da ya taru a ƙasan allon ba magana ba ce, tarkace ne kawai.

Yaya Babba ya shigo a daidai lokacin. Ya kalli allon, ya kalle ni, ya ce a hankali, "Ƙanwata, kada ki wahalar da shi, kada ki wahalar da kanki." Da faɗa ya yi mini da ya fi sauƙi.

Asabar, da yamma

Na ce wa Walƙiya ya rage gudun. Ashe ni ba zan iya ba, fayil ɗin a rufe yake ruf, sai shi ya gyara a can, ya sake haɗawa, ya turo. Kuma ranarsu darenmu ne, lokacin da nake gefen gado shi yana barci. Ya rage, ta zo washegari. Ta dace da yatsan yamma, ta yi wa yatsan safe sauri, don da safe ya fi nauyi. Na sake rubutawa. Jiya kuma yatsan ya fara karkarwa, dannawa ɗaya tana fitowa uku. Na sake rubutawa. Kowane gyara kwana guda yake ci, watan kuma ba ya jiran kowa.

Manhajar da ta fi kowace sauri a duniya, ni kuma ina zaune ina jiran mutum ya tashi daga barci.

Lahadi, da safe

Na wanke kofin. Kujerar ban taɓa ta ba.

Litinin, da hantsi

Ya kira ni. Walƙiya. Na zaci zan ji murya mai tsawa, sai na ji wata siririyar murya mai sanyi, ga jariri yana kuka a bayansa, a can dare ne. Ya yi ta kame-kame, sannan ya ce, "Ni ba zan iya zama a gefen gadon ba, ke ce a wurin. Dole ta zama abin da za ki buɗe ki gyara da hannunki. Na sake rubuta ta da yaren mijinki." Ya ce, "Kada ki gaya masa."

Bai kai azahar ba shi da kansa ya sa ta a dandali, kowa ya gani. Aka kuwa dasa sabuwar rigima. Wani ya ce da ya bar ta a yarensa ya ƙara mata wurin saiti kawai. Wata ta ce wurin saiti na abin da ka hango ne, shi kuwa wa ya hango karkarwar yatsa? Wani ya ce yau Walƙiya ya tuba. Walƙiya ya amsa musu a layi biyu, ya ce yatsan mutum ake jira, ko yaren ya ninka jan ƙafarsa sau goma zai riga yatsan isowa, kuma kada wanda ya ruɗi kansa, har gobe yare ne mai jan ƙafa.

Na buɗe fayil ɗin da fargaba, ina tsammanin zan ga zane-zanen da ba na ganewa. Sai na ga ina karantawa. Ba duka ba, amma ina bi. Kamar takardar da kake bar wa mai tsare maka shago: nuna harafi, jira kaza, in an danna ajiye shi, in an sake dannawa nan take kada ka kula, wuce na gaba. Ga lambar jiran nan a fili, kusa da kalmar da ke nufin jira.

Na rufe baki da hannu. Shekara nawa ina wucewa ta bayan kujerar mijina ina ganin irin wannan rubutun, ban taɓa tsayawa ba. Wannan ne abin da yake karewa. Yana so duk wanda ya zo bayansa ya iya karantawa.

Laraba, da safe

Na ƙara lambar jiran da hannuna, na ajiye, na kunna. Ta ɗan yi nauyi kafin ta tashi, Inna ta ce ko ta lalace ne, na ce a'a, halinta ne. Haske ya fara tafiya a hankali. Ya yi masa sauri har yanzu. Na tsayar, na ƙara, na kunna. Nan take, ba jiran kowa.

Na gaya masa da wane yare aka rubuta ta da kuma wanda ya rubuta. Alkawarin Walƙiya ai shi ya fara karya shi. Gefen bakinsa na hagu ya ɗan ja sama. Nas ma ta gani.

Sai ya danna. R. Haske ya zagayo. U.

Na ce, "Ruwa! Ruwa kake so?" Na miƙe har ina ture kwamfutar, na ɗauko auduga na jiƙa zan shafa masa a leɓe.

Ya rufe ido. Bai sake buɗewa ba har lokacin ziyara ya ƙare, kuma na san ba barci yake ba.

A baranda Inna ta ce, "'Yar nan, mutum ya taso daga nesa da kayansa a ka, ya zo bakin ƙofa, kin karɓe kin ce kin san abin da ke ciki." Ba ta ƙara ba. Inna ba ta taɓa yi mini faɗa ba sai yau.

Alhamis, da la'asar

R, U, F, E. Na zauna a kan hannuwana. Zuciyata ta ce rufe baki zai ce, kuma na cancanta.

Rufe taga ya ce. Da kuskure biyu a ciki, amma rufe taga. Iska ce take damunsa, wa ya san tun yaushe. Na tashi na rufe, na tsaya a nan ina kallon titi, masu mota suna ta danna wa juna oda. Mijina ya ce in rufe taga. Ban taɓa jin magana mai girman wannan ba, ni da na karanta rasuwar shugabanni.

Asabar, da rana

Babbar Likita ta saurare ni har na gama. Ta ce ta ji daɗi, amma nas ta gaya mata ina yawan cafe kalma, kuma mai son mutum yakan ga magana a inda babu. Ranar Alhamis zan saita masa na'urar, sannan in koma jikin bango. In na yi magana, ko na yi alama da ido, gwajin ya ɓaci.

Na ce na ji. Ta kalle ni ta saman gilashinta, da alama tana saurarona a rediyo.

Litinin, da safe

Zazzaɓi. Yatsa bai motsa ba.

Talata, da yamma

Bai motsa ba. Walƙiya yana ta aiko tambaya, na ce masa ba na'urar ba ce. Ya ce ya sani, amma bai iya zama haka ba.

Na buɗe rabin layin nan na sake karantawa. Ina da ƙarshe har kala uku da za su dace. Na rufe, ban rubuta ko ɗaya ba.

Laraba, da la'asar

Zazzaɓin ya sauka. Ya danna sau ɗaya, da ƙyar. Gobe ne.

Alhamis, da rana

Zan rubuta shi yadda ya faru, a hankali.

Su uku suka zo: Babbar Likita, wani ƙaramin likita mai riƙe da fayil, da mai koyar da magana. Inna tana kujerarta, Yaya Babba yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Na gwada yatsan, na ji ya fi kowace rana nauyi. Na buɗe fayil ɗin na sa lambar jira mafi tsawo da na taɓa sawa, na ƙara wani abu a kai. Na koma jikin bango na cusa gefen gyalena a baki.

Babbar Likita ta gaishe shi, ta gaya masa abin da ake so. Ta nuna ni ta ce, "Wace ce waccan?"

Haske ya fara tafiya. Ya bi haruffan nan kaf har ƙarshe, ba a danna ba. Ya dawo farko. Ƙaramin likita ya duba agogo. Ni na san amsar tana hanya, na san in an ƙara mata kaɗan za ta iso, maganar ta cika mini baki har haƙorana suna ciwo. Na ciji gyale. Babbar Likita ba ta motsa ba, Allah ya saka mata.

A zagaye na biyu ya danna. M.

Sai A. Matata zai ce, duk ɗakin ya san haka. Haske ya tafi, ya tafi, ya zo kan T, ya tsaya iya tsayuwarsa. Ya wuce. Ba a danna ba. Ya ci gaba har can ƙarshen jeri, sai yatsa ya danna Z. Ƙaramin likita ya rubuta wani abu a fayil. Yaya Babba ya sunkuyar da kai.

A nan na gane inda ya dosa, kuma kalma ɗaya daga bakina da ta warware komai. Na rufe ido don kada su ce na yi alama. Ina jin ƙarar maus kawai, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kamar an yi shekara.

Da na buɗe, mai koyar da magana tana karantawa da shakka: "Maza... maza?"

Inna ta fashe da dariya, irin wadda ban ji ta yi ba tun ranar nan. Babbar Likita ta juya ta tambaye ta. Inna ta ce, "Sunanta ke nan a gidanmu, shi ya sa mata." Likita ta kalli Yaya Babba. Ya gyaɗa kai, ya sa makullin a aljihu.

Babbar Likita ta karɓi fayil daga hannun ƙaramin, ta soke abin da ya rubuta. Ta ce gadon nasa ne, gobe masu motsa gaɓɓai za su fara. Suka miƙe za su fita.

Mai koyar da magana ta ce, "Ku dakata, bai gama ba."

Suka koma suka tsaya. Gumi yana bin gefen fuskarsa, idonsa yana kan allo. T. A. Haske ya zagaya, ya sake zagayowa. J. Babu wanda ya duba agogo. I. R. A.

Ta karanta a hankali: "Maza-maza ta jira."

Duk suka juyo suna kallona. Ban ce komai ba, don hasken yana ta tafiya, kuma ban sani ba ko ya gama.